Ruwan Zafin da Aramide Ta Zubar

Magariba ce irin ta Jos, wadda sanyi ke gangarowa daga kan duwatsu tun kafin ladan ya gyara murya. A gidan Alhaji Adebisi, mai rumfar katako a kasuwar Katako, taliya ta nuna a kan wuta. Matarsa, wadda kowa ke kira Iya, ta tafi alwala, ta bar wa 'yarsu Aramide aiki ɗaya tak: ta tsiyaye ruwan.

Tun Aramide na ƙarama Iya ke faɗa mata, da Hausa da Yarbanci, cewa ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa da magariba sai an yi bisimilla, domin ba mutane kaɗai ke zaune a gida ba. Ta sani sarai. Amma tukunya na hannu ɗaya, waya na ɗayan, tana yi wa masu kallonta a cikin wayar fari da ido, tana roƙon su danna mata alamar zuciya. Ta sheƙa ruwan a gindin katangar bayan kicin, ko kallon wurin ba ta yi ba.

Wani abu ya yi 'yar siririyar ƙara, kamar ɗan kyanwa. Ba ta ji ba. Kunnuwanta a toshe suke da kiɗa.

Daga ranar aka fara jifa. Da an kira salla sai duwatsu su riƙa sauka a kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jifan yana jira a amsa masa. Alhaji ya zagaya gida da tocila yana zagin yaran unguwa, bai ga kowa ba. Bayan jifa sai kuka a bayan kicin, da wata murya tana lallashi. Iya ta rame, ta daina barci. Aramide kuwa tana ɗaki, fuskarta na haske shuɗi-shuɗi, ba ta ma san ana yi ba.

Ana nan sai jifa ya tsaya cak. Aka yi sadakar ƙosai, aka ce Allah ya yaye.

Sai wata magariba Aramide ta ajiye waya da kanta, ta fito tsakar gida, ta zauna a gaban Iya, ta dube ta ido cikin ido. Nan take Iya ta ja da baya, domin rabon da ta ga ƙwayar idon 'yarta har ta manta.

"Sannu da aiki, maƙwabciya," in ji yarinyar, da wata tsohuwar murya mai kaushi.

Alhaji ya fita ba takalmi, ya dawo da Malam Gwadabe mai ruƙiyya. Malam ya zauna, ya sa turare a garwashi, ya fara karatu. Yarinyar ta murɗe, ta yi gurnani, sannan ta tsaya.

"Wace ce ke? Yaushe kika shiga?" in ji Malam.

"Ni ce ta bayan kicin. Tun kafin a kafa tubalin gidan nan nake wurin, ban taɓa ɗaukar musu ko cokali ba. Wannan marar kunyar ta ƙona mini ɗa. Na yi jifa, ba ta ji ba. Na yi kuka, ba ta ji ba. Ranar da jifa ya tsaya, ranar na shige ta."

Iya ta dafe ƙirji. "Tun lokacin? Ai ba mu ga komai ba!"

"Me za ku gani?" Muryar ta yi tsawa har turaren ya karkace. "Na hana ta barci, ashe da ma ba ta yi. Na hana ta abinci, da ma sai an bi ta da kwano. Na sa ta dariya ita kaɗai, na sa ta magana da bango, ba wanda ya ɗaga kai!" Sai ta kumbura kumatu, ta yi muryar Alhaji sak, har da tarinsa: "Ƙyale ta, Iya, yaran zamani ne, ai gara tana gida." Alhaji ya sunkuyar da kai, domin shi ya sayo wayar.

"Me kike so?" in ji Malam.

"Hannun da ya zuba ruwan. Ya shanye, kamar na ɗana."

Yatsun Aramide na dama suka fara lanƙwashewa. Iya ta faɗi a gwiwa, ta miƙa nata. "Ga nawa, don Allah, ɗauki nawa!"

"Naki ya yi mini me? Ke kullum kina sanar da mu."

Malam ya ɗaga murya da karatu, aka yi ta ja, har aljanar ta sauko. "To, na ji. Ta zo gindin katanga da ƙafarta, hannu ba komai, ta ba ɗana haƙuri. Amma in ta sake fitowa da magariba idonta na kan abin nan, hannun nawa ne. Da ma na gaji. Akwai wanda ya riga ni shiga, ya cika ko'ina, ko wurin zama ban samu ba. Shi ku fitar in kun iya."

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale. Yatsunta suka saki.

Can ta buɗe ido. Ba ta dubi uwarta da ke durƙushe tana hawaye ba. Ta lalubi gefenta, ta lalubi ɗaya gefen.

"Iya, ina wayata?"

Iya ta miƙe a hankali, ta share fuska da bakin zani. Ta shiga ɗaki ta ɗauko wayar, ta wuce kicin, inda ruwan shayin Malam ke tafasa. Ta ɗaga murya yadda na bayan katanga ma za su ji: "Bisimillahi!" Ta saki wayar cikin tukunya.

Ihun da Aramide ta kurma ya fi gurnanin ɗazu, har karnukan unguwa suka amsa. Alhaji ya riƙo rigar Malam. "Malam, ta dawo!"

Malam Gwadabe ya ci gaba da sa takalminsa.

"A'a, Alhaji, tawa ta tafi. Wannan naku ne."