Mai Gyaran Kwamfuta na Gindin Ɗinya

Mun gama cin tuwo ke nan aka ɗauke wuta. Mu huɗu ne a kan tabarma a tsakar gidan kakarmu: ni, da yayana Sagir, da Ummita 'yar gwaggonmu, da Yaya Tasi'u, ɗan wan babanmu, wanda ya girme mu duka. Sagir yana ta mita. Tun da ya sabunta tsarin kwamfutarsa ta daina kama waifai. Ya ce gobe zai kai ta gari, ta Kwarin Ɗinya zai yanke don ya fi kusa.

Yaya Tasi'u ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa.

"Ta ina ka ce?"

"Ta kwari, Yaya."

"Kashe fitilar wayar nan. Ku matso. Abin da zan faɗa muku ba na so bango ya ji."

Muka matsa. Ya sassauta murya, ya fara.

Kun san Jafaru, ɗan marigayi Kawu Lawwali tela, wanda yake aiki a Kaduna. Kun san yayarsa Barira. Ku a kurma kuka fi saninta. Ba haka aka haife ta ba. Ita ta rene shi bayan rasuwar uwarsu. Ita ta goya shi, ita ta soya awara a bakin titi har ya gama makaranta. Ko da ƙasan maƙoshi ya ce "Yaya", daga bayan gida za ta amsa.

Shekara huɗu ke nan. Jafaru ya shekara uku yana neman aiki, sai wani kamfani ya kira shi jarrabawa ta intanet. Ranar Laraba, ƙarfe biyu na rana. A kwamfuta kaɗai take buɗewa, ba ta yi a waya. Wanda ya makara, shi ke nan.

Ranar Talata kwamfutar ta nemi ya sabunta tsarinta. Ya danna ya amince. Da safe ya buɗe, komai ya yi sabo fes. Amma alamar waifai, 'yar abar nan mai kama da mafici a ƙasan allo, babu ita.

Ina wurin. Ni ya fara kira.

Muka kashe, muka kunna. Sau uku. Muka danna maɓallin jirgin sama, muka sake dannawa. Ya kunna waifai na wayarsa, ya ɗora ta a jikin kwamfutar kamar mai shafa mata magani. Ba ta gani ba. Tawa wayar tana gani, kwamfutar ba ta gani. Muka haɗa su da igiya, ashe igiyar ta caji ce kawai.

Ya kira Malam Hashimu, mai gyara a gari. Ya sa a sifika.

"Sabon tsarin ne ya yar da direban waifai," in ji Malam Hashimu. "Wata 'yar manhaja ce, ita ke sa kwamfuta ta ji netiwok. Sai an sauke sabuwa."

"A sauke ta yaya, Malam, ba intanet?"

"Kawo ta. Ina da ita a filas. Minti goma ne."

Ƙarfe sha biyu ta wuce. An kwana ana ruwa, gadar titi ta shanye, babu ɗan acaɓan da zai tsallaka. Sai kwari. Na ce ya jira ni in kai wa Baba magani in dawo mu tafi tare. Ya ce ba lokaci. Barira ta biyo shi har zaure da awara a leda.

"Ci a hanya. Kar ka bi ta gindin ɗinya da tsakar rana, ka zagaya ta gonar Maigari."

"To, Yaya."

Bai zagaya ba.

Abin da ya biyo baya shi ya faɗa mini da bakinsa, sau ɗaya, kuma bai sake ba.

Ya ce yana gangarawa kwari sai tsuntsaye suka yi shiru. Rana tana tsakiyar kai. Ba iska. Takunsa kaɗai yake ji a cikin laka. Da ya sha kwana sai ya ga tebur a ƙarƙashin itacen ɗinya. Ɗan tebur irin na masu gyaran waya, da ƙananan sukuddirebobi a jere. Wani mutum yana zaune a bayansa, farar riga ƙal. Ko'ina taɓo, amma ba ɗigo ɗaya a jikinta.

Jafaru ya yi sallama. Mutumin bai amsa sallama ba.

"Ta daina ji," ya ce.

Leɓensa ne ya fara motsi. Sai da ya rufe baki, sannan muryar ta zo. Kuma ba daga gabansa ta zo ba. Daga bayan kafaɗar Jafaru.

"Kawo."

"Malam, sauri nake. Gari za ni."

"Rafin gaba ya kawo. Ba za ka haye ba sai la'asar. Ƙarfe nawa ne jarrabawar?"

Jafaru bai gaya masa akwai jarrabawa ba. Ya duba waya. Ɗaya da kwata. Ya kasa kunne, ya jiyo ƙugin rafi daga nesa. Ya miƙa kwamfutar.

Mutumin bai kalli allo ba. Jafaru yake kallo, yatsunsa suna tafiya. Dogaye ne, ba farce. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya juyo da ita. Ga maficin ya dawo. Netiwok guda ɗaya, ba suna, ya cika taf.

A nan ledar awarar ta suɓuce daga hannun Jafaru. Ya sunkuya zai ɗauka. Ya ga ƙarƙashin tebur.

Ƙafafun ba takalmi. Diddige ne a gaba. Yatsun suna kallon baya.

Ummita ta kama hannuna. Yaya Tasi'u ya ce, "Ku lura da wannan. Ya gani. Kar wani ya ce muku bai sani ba. Ya gani, ya miƙe, bai gudu ba." Sannan ya ci gaba.

Allon yana neman kalmar sirri.

"Me zan rubuta?"

"Suna. Na mai rai, haɗe da na uwarsa."

"Nawa?"

"Naka ba ya yi. Na wanda in ka kira zai amsa."

Jafaru ya yi tunanin wani abokin karatunsu da suka taɓa rigima. Ya rubuta sunansa. Allon ya ƙi.

"Wannan ba ya amsa kiranka."

Ya rubuta na Malam Hashimu. Ya ƙi.

"Wannan sai ya ga dama."

Ƙarfe biyu saura ashirin. Gumi yana ɗiga a kan maɓallan.

"Malam, me zai sami mai sunan?"

"Ba za ta mutu ba."

Za ta, ya ce. Jafaru bai ambaci mace ba tukuna.

Ya tsaya. Ya ce mini ya tsaya kamar minti biyar. Ya tuna shekara uku yana zaune a dakalin ƙofar gida, ana wucewa ana ce masa injiniya ana dariya. Sai ya rubuta. Barira, 'yar Hajara.

Ta buɗe.

A kan teburin nan ya yi jarrabawarsa, awa ɗaya da rabi. Ko sau ɗaya netiwok bai yanke ba. Da ya ɗago, ba mutum. Ba sukuddirebobi. Kwamfutar tana kan wani kututture, tururuwa sun cika ledar awara.

Ni kuwa a lokacin ina gidan su Jafaru. Ihun maƙwabta ne ya kai ni. Barira tana gaban kasko, mai yana ƙonewa, hayaƙi ya turnuƙe. Ta toshe kunnuwa da hannu biyu, tana buga kanta a jikin turmi. Jini yana zuba ta hanci. Mata huɗu suka riƙe ta. Ana kiran sunanta, ba ta ji. Ƙarfe uku da rabi daidai ta saki jiki. Ta dube mu. Ana yi mata magana tana kallon bakinmu. Tun daga ranar maganar ɗan'adam ba ta sake shiga kunnenta ba.

An kai ta asibiti, suka ce kunnuwanta lafiya lau. An yi ruƙiyya, an yi rubutun sha. Shiru.

Jafaru ya ci jarrabawa. Shi ne na ɗaya.

Saura kwana tara ya tafi Kaduna na gane. Muna zaune a ɗakinsa ya ɗaga murfin kwamfutar. A take Barira ta ƙwala ihu daga ɗakinta. Ya rufe. Ta yi shiru. Muka kalli juna. Ya sake buɗewa, a hankali, kamar mai gwada makunnin fitila. Ta sake ihu.

A nan ya gaya mini komai. Ya nuna mini: ba data, ba waya, ko a tsakiyar gona take kamawa. Duk abin da ya shiga kwamfutar nan, duk abin da ya fita, ta cikin kan Barira yake bi.

Na ce, "Kawo taɓarya mu fasa ta."

Ya rungume ta a ƙirji.

"Bari in kama aiki tukuna. In na zauna sai in sayi wata."

"Jafaru, yayarka ce."

"Ai ya ce ba za ta mutu ba."

Ya kama aiki. Ya sayi wata. Ya ce mini ya gwada, duk abin da ya yi a sabuwar lalacewa yake, wanda ya yi a tsohuwar kuwa shugabanni har tafi suke masa. Sai ya koma wa tsohuwar. Na je Kaduna sau biyu don in karɓe ta. Na biyun maigadi ya sa ya tare ni a ƙofa. Na gaya wa Baba, ya ce hassada ce ke damuna, kar ya sake jin wannan magana a gidansa.

Nisa bai rage mata komai ba. Kun sha jin ihunta ta katanga. Kun taɓa lura da lokacin? Takwas na safe zuwa huɗu na yamma. Asabar da Lahadi tana samun barci. Mijinta ya haƙura wata takwas, ya sake ta. Ɗiyarta ta koyi magana, uwar ba ta taɓa jin muryarta ba. Kowace Salla Jafaru yana aiko mata da atamfa.

Sagir ya ce, "Amma Yaya, ai an ce ta warke."

"Kwana shida ke nan," in ji Yaya Tasi'u. "Ku ji yadda aka yi."

Kwamfutar ta sake neman a sabunta ta. Shekara huɗu Jafaru yana ƙi. Wannan karon ba ta tambaye shi ba, da kanta ta yi. Ya buɗe, mafici ya ɓace. A nan gida Barira tana shara, sai ta yar da tsintsiya. Ta ce, "Wa ya bar akuya tana kuka?"

Na je na gaishe ta. Ta rame, kamar ka hure ta ta faɗi. Ta sa aka fita, ta bar ni ni kaɗai.

"Tasi'u, na san shi ne."

Na kasa ɗaga kai.

"Duk abin da ya rubuta na ji. Wasiƙun ofis. Hirarsa da 'yan mata. Waƙoƙin da yake sauraro. Shekara huɗu ina jira in ji ya tambayi wani yadda ake warkar da ni. Bai taɓa ba. Sunana ma sau ɗaya ya rubuta."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Zai zo. Ni kam ko ya kira ba zan amsa ba, sunana ya daina yi masa aiki. Wani zai nema. Ka gaya wa yara."

Jiya ya iso. Kun ga motar. Kun ga tsarabar da ya cika but ɗin motar da ita, shi da bai taɓa kawo muku ko alawa ba. Yau da safe na gan shi yana zagaya dangi gida-gida. Ba ya shiga. Daga zaure yake tsayawa ya kira suna, a hankali, ya saurara.

Saboda haka ku ji ni da kyau. Kar wanda ya bi Kwarin Ɗinya shi kaɗai, ko da rana ce, musamman ma da rana. In kwamfuta ta ƙi, a jira gada. In kun ga tebur inda bai kamata tebur ya kasance ba, kar ku yi sallama, ku juya. In kuma kun ji Jafaru ya kira ku, ko da ƙofar ɗakinku yake tsaye, ku yi kamar ba ku da kunne.

Nan Yaya Tasi'u ya kai ƙarshen labarinsa. Ba wanda ya motsa. Hannun Ummita yana cikin nawa, ya yi sanyi kamar randa.

"Yaya," ta ce.

"Na'am."

"Da hantsi ina wanke-wanke. Ya kira ni daga zaure."

"Kin amsa?"

"Sau biyu. Ya ba ni turare. Ya ce ya manta ainihin sunan mahaifiyata, ya ce kowa Gwaggo yake ce mata, in tuna masa. Na kuwa faɗa masa."

Yaya Tasi'u ya miƙe tsaye, har kofin ya kife.

"Ina motarsa take yanzu?"

"Tana ƙofar gidansu," in ji Sagir. "Amma da na wuce bayan magariba ƙanensa ya ce gobe Jafaru ba ya son a tashe shi da wuri. Wai yana da inda za shi da tsakar rana, a ƙasa."

Yaya Tasi'u ya shiga madafa. Muka ji yana lalube a cikin duhu. Ya fito da taɓarya a kafaɗa.

"Sagir, sa takalminka. Ke kuma ki zauna da Ummita. Ki yi ta yi mata magana, kar ki daina. In ta daina amsawa, ki aiko."