Tikitin da Ya Ciyo Min Bindiga

"Karanta da ƙarfi, Farfesa!" in ji Baba Vernon, yana miƙo min guntun jaridar da ya ɓanɓaro daga jikin firij. "Masana'antar ƙarfe ta cinye min kunne."

Rubutuna ne. Shekara biyu da suka wuce na rubuta cewa mutanen ƙananan garuruwan Pennsylvania sun rungumi coci da bindiga ne don ba su da sauran abin runguma. A lokacin ban san zan zo neman auren 'yarsu ba, da sanƙona da shekaruna arba'in da takwas.

"Baba, don Allah..." in ji Loretta.

"Ko shi ko mu, Loretta! Ba zan ba mai kallonmu ta saman tabarau 'yata ba."

Washegari aka yi karin kumallon mafarauta a zauren coci, kamar kullum in an kusa buɗe farautar barewa. Don neman shiga, na sayi tikitin gwada sa'a a bakin ƙofa. Ni duk zatona kek ɗin tuffa ake ci.

Fasto ya kira lambata, ya ɗaga wata doguwar bindiga sabuwa fil.

Zauren ya kece da dariya.

"Farfesa, ta ƙaramin bakin harsashi ke fita!" wani ya ƙwala daga baya.

Baba Vernon ya harɗe hannuwa yana jira. In na karɓa na zama munafuki, in na ƙi na raina su.

Na miƙe. "Baba, na yi rubutu a kanku ban taɓa cin abincinku ba, wannan laifina ne. Amma ba zan harba ta ba, yau ko gobe. Kuma ba inda za ni!"

Sai Loretta ta karɓi bindigar, ta buɗe ta duba babu harsashi, ta rataya a kafaɗa. Ta damƙi hannuna.

"Baba, kai ka koya min harbi. Mama ta koya min addu'a. Wannan mai sanƙon kuma ni na zaɓo abina! Duk ukun nawa ne... wanda ya isa ya zo ya ƙwace ɗaya!"

Can tsohon ya turo min farantin tsiran alade.

"Ranar buɗe farauta, da asuba. Ka sa riga ruwan lemo, kada mu ɗauka barewa ce."

An ɗaura mana aure a watan Mayu. Har yau aikina a daji riƙon butar kofi. Guntun jaridar kuwa yana nan a jikin firij, sai dai yanzu firij ɗin gidana ne. Masoyiyata ce ta liƙa shi da hannunta.