Faransancin Koci

Auta na goge teburin falo muryar matar nan ta sake tashi daga wayar mijinta, a hankali kamar mai lallashin jariri. Mijin nata Koci, mai horar da masu motsa jiki a wani jim, yana tsugune gaban madubi yana maimaita abin da ta faɗa, har da lanƙwasa harshe. Sati uku ke nan kullum da safe haka: Madam mai koya masa Faransanci ta turo saƙon murya, shi ya amsa, shayinsa ya huce. Wata bakwai da aurensu, Auta ba ta tuna ranar da ya tausasa mata murya haka ba.

Ya gaya mata ma'aikatan wani kamfani ne suka cika jim ɗin, ba sa jin komai sai Faransanci. Ta ji da kunne, amma bai kai zuci ba.

Zuwan Yayarta ya ƙara hura wutar. Ta ce ita ba ta taɓa ganin karatun da ake yi da murmushi ba. "Ke dai zauna, Auta. Ranar da za ki ji fassarar, an riga an gama komai."

Yana wanka Auta ta goge saƙonnin Madam kaf, ta cusa littafinsa na Faransanci ƙarƙashin katifa. Koci ya birkita falo, ya zazzage jaka, ya dube ta sau ɗaya, ya sa takalmi ya fita.

Da rana Yaya ta ja ta zuwa jim. Sharaɗin shi ne, in ta ga abin da ido, ta haɗa kaya su wuce gida.

Ta gilashi suka leƙa. Wata doguwar mata ta ɗaga ƙarfe, bayanta a lanƙwashe. Koci ya ƙirga mata da Faransanci lafiya lau, amma da aka zo gyara, bakinsa ya tsaya cak. Ya nuna mata da nasa jikin, ba ta gane ba, ƙarfen kuma na neman rinjayarta. Sai ya sa tafin hannu ya miƙar da bayanta, ya riƙe kafaɗarta har ta dire.

Yaya ta mintsini Auta. Auta ba ta ma ji ba, hawaye ya riga ya wanke mata fuska.

Da ya dawo ya tarar da akwati a bakin ƙofa. Ya zauna a hannun kujera ya bari ta zazzage duk abin da ke ranta, har da launin rigar matar.

"Kayan aikina biyu ne, Auta, baki da hannu," ya ce. "In baki ya gaza, dole hannu ya shiga, ko mutum ya karye a gabana. Ni na roƙi manaja ya samo mini malama, don hannuna ya daina taɓa matan mutane. Jimlar da na nema yau tana shafin da ban kai ga haddacewa ba."

Ta tambaye shi ko ya san inda littafin yake. Ya ce tun safe ya hango gefensa, jira yake ta miƙo masa da kanta.

Ta ɗaga katifa ta ɗauko. Da Yaya ta kira tana tambayar ko a turo mota, Auta ta ce a bar motar, tana da darasi.

Kishin bai tafi duka ba. Ta kafa doka: Madam sai a lasifika, kuma gwaji sai a kanta. Haka aka wayi gari Koci na tsaye a falo, hannuwansa a baya, yana cewa "Pliez les genoux," wato ta lanƙwasa gwiwa, ita kuma tana haki tana rantsuwa ƙirgensa akwai mugunta a ciki.

Kishin da bai tsaya ya yi tambaya ba, shi ke tura mutum ya jawo abin da yake tsoro da hannunsa. Auta ta tsira ne don ta auri mai haƙurin jira.