Wa Ya Faɗa Maka?

Ranar da Hedimastan makarantar Bagudo ya dawo daga ta'aziyya a Lafagu, ya tarar an ɓalle kwaɗon akwatin ƙarfen da ke ofishinsa. Agogonsa na nan, alƙalaminsa mai ruwan zinari na nan. Abu ɗaya ne babu, maƙalar Malam Bunyaminu a kan tarihin kasuwar Lolo.

Shekarun samun 'yancin kai ne, Turawa na ta tattara komatsansu, ana neman 'yan ƙasa da za su hau kujerun. An ba makarantar gurbi ɗaya tak a babbar kwalejin malamai, ga kuma ƙananan malamai biyu suna so, Bunyaminu da Ma'azu. Aka ce kowa ya rubuta maƙala a kan batu guda, wanda tasa ta fi shi zai tafi. Motar wasiƙu za ta tashi zuwa Sakkwato kashegari. Wanda maƙalarsa ba ta shiga motar ba, sai ya ci gaba da shaƙar alli a Bagudo.

Aka kira Saje Arzika, ɗan dokan En'e. Mutum ne da ko gemunsa ya kama da wuta sai ya tambayi wa ya kunna kafin ya nemi ruwa. Ya duba kwaɗon, ya duba tarin takardun da ke akwatin, sannan ya sa aka kira Namadi maigadi.

"Baba, ka iya boko?"

"Ina fa, Saje. Ko sunana anka rubuta ban gane shi."

Saje ya sallame shi. Wanda ya zare takarda ɗaya daga cikin tari ya bar agogo, ya san abin da yake karantawa. Hedimasta kuwa mabuɗi na aljihunsa, kuma rabin Lafagu sun gan shi a zaman makoki. Saura malaman biyu, har da Bunyaminu kansa, don ba yau aka fara kukan sata a kan abin da ba a taɓa mallaka ba.

"Ranka ya daɗe, ka ga maƙalar da idonka?"

Hedimasta ya ce, "Da hannuna na karɓa kafin in tafi. Ban karanta ba, amma na buɗa. Ƙasan kowane shafi cike da sunaye, wane ya ce, wane ya ce."

"Ta Ma'azu fa?"

"Yau da safe ya kawo. Bunyaminu na jin farkonta ya ce maganatai ce."

Bunyaminu na tsaye a bakin ƙofa, tsoro ƙarara a fuskarsa. Damina guda ya yi yana wannan aiki, kuma bai ajiye kwafi ba. Ma'azu kuwa ya zo cikin farar riga mai guga, ko gezau.

Ya ce, "Saje, lacca guda munka zauna ni da shi, wajen Malam Attahiru, a kwas ɗin hutu. Ruwan rijiya guda ai ɗanɗanonsa guda."

Magana ce mai ma'ana, Saje bai musa ba. Ya karɓi maƙalar Ma'azu ya yi ta juya shafuka. Rubutu tsaf, babu kure ko ɗaya, amma ƙasan shafukan fayau, babu sunan kowa. Saje bai yi zurfi a boko ba, sai dai ya daɗe yana kai mutane gaban alƙali, ya san shaidar "an ce" ba ta tsayawa da ƙafarta. Ya naɗe maƙalar ya hau kekensa.

Malam Attahiru tsohon malamin tarihi ne da ya ajiye aiki, ake gayyato shi yana ba ƙananan malamai lacca. Yana da wata al'ada da duk wanda ya zauna gabansa ya sha wuyarta: ba ya faɗin magana sai ya ambaci wanda ya ji ta wurinsa, kuma ɗalibi bai isa ya buɗe baki ba sai ya ji, "Wa ya faɗa maka?" Saje ya zauna a zaurensa yana karanta masa maƙalar. Malam na ta gyaɗa kai, har aka zo wani wuri ya ɗaga hannu ya ce a tsaya. Suka jima suna magana, sannan Saje ya roƙe shi ya zo makaranta bayan la'asar.

Aka taru a ofis. Saje ya sa Bunyaminu ya jira a waje, ya zaunar da Ma'azu, ya karanta wurin da aka yi bayanin hanyar fatake.

"Wa ya faɗa maka wanga?"

"Malam Attahiru, a lacca."

Malam ya gyaɗa kai. Saje ya karanta batun ranar cin kasuwa. Amsa ɗaya, Malam ya sake gyaɗa kai. Ma'azu ya gyara zama, har da ɗan murmushi.

"To, nan an ce matan Dandawa daga ƙetaren iyaka, ƙasar Dahome, su sunka fara kafa rumfunan gishiri a Lolo. Wa ya faɗa maka?"

"Malam ne, a lacca."

"Ka tabbata?"

"Da kunnena na ji."

Malam Attahiru ya ce, "Ɗana, ban taɓa faɗin haka ba. Ni fataken Kabawa na ce, kuma har gobe a kai nike."

Ma'azu ya ce to wataƙila a wani littafi ya gani. Saje ya tambayi sunan littafin. Ma'azu ya hau kame-kame. Saje ya leƙa ya kira Bunyaminu, ya karanta masa wurin, ya yi masa tambayar nan dai.

"Gwaggona Mairama. Can ƙetare take aure, tsohuwar mai gishiri ce. Da Dandanci ta faɗa mini, ita kuma daga kakarta ta ji. Na kawo wa Allah gafarta Malam, bai yarda ba."

Malam ya ce, "Hakanan anka yi. Mun yi gardama. Na ce ya rubuta in yana so, amma ya sa sunanta, kada ya rataya mini."

Wanda ya fi gaskiya tsakanin Malam da Mairama, Allah masani, kuma ba shi ya kawo Saje ba. Ya ajiye maƙalar a kan tebur ya yi bayani a tsanake. Ma'azu ya san Hedimasta ba ya gari, ya ɓalle kwaɗo, ya sami kwanakin kwafa. Ya ga in ya bar sunayen, sunan gwaggon wani zai tona shi, sai ya share su gaba ɗaya. Da ya share, shi kansa ya daina sanin wace magana ce ta wa. Ya ɗauka duk abin da ya yi daɗi a kunne daga bakin Malam ya fito.

Aka je ɗakin Ma'azu. A murhu aka sami toka da guntun takarda da wuta ta rage, da rubutun Bunyaminu a kai. Ma'azu bai ƙara musu ba.

Hedimasta ya miƙa wa Bunyaminu kwafin ɓarawon, ya ce ya sake rubutawa da hannunsa kafin motar safe. Malam Attahiru ya ja kujera ya zauna kusa da shi, wai don kada a sa sunansa inda bai yi magana ba.

A hanyar ofishin 'yan doka Ma'azu ya yi ta tafiya kai a sunkuye. Sai da suka wuce masallaci ya ɗago.

"Saje, don Allah wa ya faɗa maka ni ne?"

Saje Arzika ya ci gaba da tura kekensa.

"Kai ne, Malam Ma'azu. A ofishin Hedimasta, bayan la'asar, gaban shaidu biyu. Haka zan rubuta."