Kyandir Biyu a Cikin Dankali

"Mota biyu na bari suka wuce ni saboda ke, Fraida! Ta jibi ce ta ƙarshe," in ji Laibel.

Fraida ta sunkuyar da kai. Ita da Laibel a sansanin da aka tsare Yahudawa suka haɗu, yaƙi ya cinye musu kowa. Motar jibi za ta kai su bakin iyaka, su bar Poland, su yi aure.

"To in tafi in bar ƙanwata?"

"Ƙanwar da ba ta san ki ba? Ki ce Perele, ta ce sunanta Zosha!"

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan. Perele na da shekara uku mahaifiyarsu ta damƙa ta ga Pani Wanda, wata manomiya, ta ɓoye ta da sunan Zosha. Yau shekararta takwas. Da ta hango Fraida sai ta shige bayan matar, kuma Pani Wanda ta rantse ba mai ɗaukar yarinyar da ƙarfi.

"Ka tafi kawai, Laibel..." in ji Fraida. "Ina son ka, amma ita kaɗai Mama ta bar min."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya zaro kyandir biyu daga aljihu.

"Yau Juma'a ce, ranar kunna kyandir a addininmu, abar ƙaunata. Ki kunna mana, ko da na ban kwana ne."

A ɗakin girkin Pani Wanda suka yi, kafin rana ta faɗi. Babu abin ɗora kyandir, sai suka raba dankali biyu suka soka. Yarinyar na laɓe a bakin ƙofa.

Fraida ta kunna, ta zagaya hannuwanta sau uku bisa wutar, ta rufe fuska kamar yadda Mama ke yi kowace Juma'a. Addu'ar ta maƙale mata, kuka ya ci ƙarfinta.

Sai ta ji ƙananan yatsu suna ɓamɓare nata, ɗaya bayan ɗaya.

"Na gan ki!" yarinyar ta ce, tana haki.

Fraida ta daskare. Haka Perele ke yi wa Mama tun tana tatata, a zatonta wasan ɓuya ake yi.

Yarinyar ta ƙura mata ido.

"Ba ke ba ce... waccan gashinta ja ne. Ina take?"

"Ba za ta dawo ba, Perele. Ni ta bar miki."

Wannan karon ba ta ce sunanta Zosha ba. Ta cusa fuska a rigar Fraida.

"Yaya... in kin rufe ido, kar ki daɗe."

Laibel ya juya yana share hawaye. Pani Wanda kuwa ta ɗauko ɗankwalinta na zuwa coci ta shimfiɗa, ta fara ninke kayan yarinyar a ciki, a hankali, tana shinshinar kowace riga.