Tiyon Birki Mai Kati Biyu

Matar ta shigo ofishin Sufeto kwana tara bayan rasuwar mijinta. Ba ta zauna ba sai da ya ce mata sau biyu.

"Yallaɓai, ni na kashe baban yarana," in ji ta.

Sufeto ya ajiye biro. Shekara ashirin yana aikin nan, ya san mai laifi ba ya kawo kansa da irin wannan fuskar.

Ta ce motar sabuwa ce, wata goma sha ɗaya da saye. Birki ya fara laushi, maigidan ya mayar da ita wurin dilan da ya sayar masa. Aka ce tiyon birki ne, kuma garanti bai shafe shi ba, sai ya biya. Ya kira ta a waya yana neman shawara.

"Na ce masa cuta ce kawai, ya ɗauko motarsa ya dawo. Bayan kwana huɗu birki ya ƙi a gangare."

Sufeto ya fara da motar, a bayan caji ofis inda aka jawo ta. Ya kwanta a ƙasa da tocila. Tiyon ya tsage, kuma ɗigon fentin da masana'anta ke yi wa noti yana nan lafiya lau. Sifana bai taɓa hawa kansa ba.

A wurin dilan, manajan sashen gyara ya tarbe shi da shayi da fara'ar da ta yi yawa.

"Allah ya jiƙansa. Mun gaya masa, ya ƙi. Ga katin aiki, ga sa hannunsa."

"Me ya sa garanti bai shafe shi ba?"

"Ya canja baƙin mai a waje, Yallaɓai. Doka ce."

"Ina ruwan baƙin mai da birki?"

Manaja ya yi dariya, ya ce ai ba shi ya rubuta dokar ba.

Da zai fita, Sufeto ya ga wani ɗaki an jera tsofaffin kayan mota a kanta, kowanne da takarda ɗaure a jiki. Ya tambayi mai sito, wani dattijo mai tabarau.

"Duk abin da aka canja a garanti, sai mu ajiye tsohon. Mutanen masana'anta kan zo su duba."

Sufeto ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya. A kanta ta uku ya tsaya. Tsohon tiyo ne, lambar motar mamacin ce a jikinsa.

"Baba, wa ya kawo wannan?"

Dattijon ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Manaja da kansa. Shi ya karɓi sabon ma."

Sufeto ya koma ofishin manaja, ya ajiye tiyon a kan tebur kusa da kofin shayi.

"Katinka ya ce mutumin ya ƙi gyara. Wannan takardar ta ce an yi gyaran, a garanti. Motar kuma ta ce ba a taɓa ta ba. Wanne zan rubuta?"

Fara'ar ta gudu. Manaja ya ce kuskuren makanike ne, sannan ya ce na mai sito ne. Da aka ce a kira su, sai ya dafe kai.

"Kati biyu nake cikawa, ɗaya na masana'anta, ɗaya na mai mota. Masana'anta ta aiko da kayan kyauta, ni kuma in sayar wa mai mota. Kusan kowa biya yake yi. Shi da ya ƙi, na sayar a waje, na ɗaura takardarsa a tsohon tiyon wata motar. Wallahi na ɗauka tiyon zai kai shi wata guda."

Aka sa masa ankwa. Matar tana bakin caji ofis lokacin da aka wuce da shi ciki, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Malama, kin yi gaskiya, cuta ce," in ji Sufeto. "Gyaran nan haƙƙinsa ne, kyauta."

"Da ya biya, da sun saka masa?"

"Bai kamata a ce ya biya ba."

"Ba shi na tambaye ka ba, Yallaɓai."

 Sufeto ya nemi ƙaryar da zai yi mata, ya rasa.

"Da sun saka," in ji shi.

Ta gyaɗa kai, ta ce ta gode, ta tafi ɗauko yara daga makaranta.