Girkin Ranar Asabar

Ƙamshin soyayyar albasa ya cika 'yar tsakar gidan nan ta unguwar Talladje a Yamai, amma ba matar gidan ce ke riƙe da ludayi ba. Ismaël ne, tela a kasuwar Wadata, ya naɗe hannun riga yana juya miya, bayan ya tabbatar ya danna wa ƙofar gida sakata. Matarsa Ramlatu na zaune a tabarma, ta kafa kunne a rediyo.

"Sheri, masoyina, ka ji? In mutum guda ke yin aikin, sai a ƙara harafi a ƙarshe. He cooks!"

"Ke dai bar ni da wanda ke gabana kar shi ƙone," ya ce yana dariya.

Tare suka fara sauraron shirin koyon Ingilishi da wata Madam Rahama ke gabatarwa kowace Asabar bayan la'asar, saboda masu kawo masa ɗinki 'yan Gana da Najeriya. Kafin a je ko'ina Ramlatu ta yi masa fintinkau. Da ya ga lokacin shirin na cin karo da girkin dare, shi da bakinsa ya ce ta zauna ta saurara, zai riƙa ɗora tukunya. Son matarsa yake yi tsakani da Allah, sai dai son bai kai ya bar ƙofa a buɗe ba.

Ran nan darasin a kan aikin gida ne. Madam Rahama takan haɗa nahawu da zancen haƙƙin mace da namiji, sai ta jefa tambaya: wa ke girki a gidanku? Ismaël na bakin famfo yana wanke shinkafa lokacin da Ramlatu ta buga wa shirin waya, layinta ya shiga. Murna ta kwashe ta, ta zuba Ingilishi ba gargada.

"My husband cooks every Saturday. His name is Ismaël. He is a tailor in Wadata, and I am proud of him."

Ba ta tuna cewa rediyo ba ya da sakata ba.

Ranar Litinin da Ismaël ya isa shago, sai ya tarar an rataye ludayi a kan keken ɗinkinsa. Zailani mai atamfa, wanda zirga-zirgar Legas ta sa yake jin Ingilishi, ya riga ya fassara wa duk layin teloli abin da aka faɗa, har da ƙarin gishiri. Yana hango Ismaël ya ɗaga murya:

"Ga madam ta iso! Yau mi za a dafa muna, dambu ko shinkafa da wake?"

Layin ya kwashe da dariya. Ismaël ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ranar ko zare bai iya zurawa a allura ba, kuma kafin azahar labarin ya kai kunnen mahaifiyarsa, Hajiya Hafsat.

Da yamma taksi ya sauke ta a ƙofar gidansu. Ko ruwan da Ramlatu ta durƙusa ta miƙa mata ba ta kalla ba. Ismaël ɗanta na fari ne, don haka bisa al'ada ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"Ni da na haife shi kunyar sunanshi nike, ke kuwa kin ɗauke shi kin watsa ma duk Yamai! Wannan ma da sauƙi. Kai, dube ni nan. Gaskiya ne kai ke girki gidan ga?"

Ismaël ya sunkuyar da kai. Ya tuna ludayin nan da dariyar Zailani, ya dubi fuskar mahaifiyarsa, sai bakinsa ya riga zuciyarsa.

"Ƙarya ne, Hajiya. Don a yaba mata a rediyo ta faɗa. Ni ban taɓa ko hura wuta ba."

Ramlatu ta ɗago ta dube shi sau ɗaya. A bayan hannunsa ga tabon man da ya fantsamar masa shekaranjiya, wanda ita ta shafa wa magani. Da ta so, nuni kawai za ta yi. Sai ta mayar da idonta ƙasa, hawaye na ɗiga a zanenta.

"Ki yi haƙuri, Hajiya."

"Haƙuri? Ki tattara ki tafi gidanku, in an koya miki daina ƙarya kin dawo. Ingilishin banza da wofi!"

Haka Ramlatu ta koma gidan iyayenta da sunan maƙaryaciya. Mahaifinta ya tsare ta da tambaya, yayyenta suka yi ta faɗa, amma ba ta ce uffan a kan mijinta ba. A wurinta gara a zage ta da a ce ta tona masa asiri sau biyu.

Shi kuwa gogan, da labari ya bazu cewa ƙarya matarsa ta yi, a kasuwa an daina tsokanarsa, har ana dafa kafaɗarsa ana cewa namiji. Wannan yabon ya fi dariyar ci masa rai. In ya dawo gida ya ga rediyonta a kan taga, sai ya kasa haɗiye abinci. Sau da yawa ya ɗauki waya zai kira ta ya ajiye, don bai san da wane baki zai fara ba.

Da Asabar ta zagayo bai da abin yi a gida, sai ya zauna a shago. Zailani ya ƙure muryar rediyonsa don neman magana. Can sai ga Madam Rahama tana cewa, da Hausa yadda kowa zai ji:

"Yau ba mu ji ɗalibarmu Ramlatu ba. An turo muna saƙonni cewa wai ƙarya ta yi, babu namijin da zai yi haka. In tana jinmu, muna gaishe ta."

"Ka ji ko?" Zailani ya ce. "Wallahi ka yi haƙuri da maƙaryaciyar mata. Ni da tuni na sallame ta."

Keken Ismaël ya tsaya cak. Yarinyar da ta ce wa duniya tana alfahari da shi, yau ita ake kira haka a gabansa, kuma shi ya ba su bakin faɗa. Ya ciro wayarsa ya buga lambar shirin. Da layin ya shiga, muryarsa ta fito daga rediyon Zailani, duk layin teloli na ji.

"My name is Ismaël. I am tailor. My wife... she no lie. I cook." Ingilishin ya ƙare masa, ya koma Hausa. "Madam, ni ne maƙaryacin. Ni ke girki ran Asabar, kuma ba wanda ya tilasta mini. Tsoron dariya ya sa na ƙaryata matata gaban mahaifiyata. Ramlatu, in kina ji, ki gafarce ni."

Ba wanda ya yi dariya. Ya ciro ludayin da ya cusa a ƙarƙashin tebur tun Litinin, ya miƙa wa Zailani.

"Ungo, ka kai gida. Ka gwada, ba ya cizo."

Daga nan gidan Hajiya ya nufa. Ya durƙusa ya nuna mata tabon hannunsa, ya faɗi komai. Da ya gama, ta ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Girkin bai ba ni kunya kamar ƙaryar ba. Ka sa na kori ɗiyar mutane a kan gaskiyarta. Tashi ka samo taksi, da ni za a je bikon."

A gidan su Ramlatu, Hajiya da kanta ta ba da haƙuri. Ismaël ya kasa haɗa ido da kowa. Da aka bar su su biyu a zaure, ya buɗe baki sai hawaye.

"Na ji ka," Ramlatu ta ce. "Ni ma na yi kuskure da ban shawarce ka ba kafin in faɗa. Amma ka san abin da ya fi mini ciwo? Ba korar ba. Yadda ka ji kunyar alherin da ka yi mini."

"Ba zan sake ba, wallahi."

Ta share ido, ta ɗan murmusa. "Kuma she does not lie ake cewa. Ka kunyata ni a rediyo."

Asabar ta gaba Ramlatu na kan tabarma da rediyonta, Ismaël na gaban tukunya, ƙofar gida a buɗe har maƙwabta na leƙe. Hajiya Hafsat, da ta ce wucewa kawai take yi, ta ɗanɗana miyar ta yamutsa fuska.

"Gishiri ya yi yawa. Ƙaro mini."

Haƙurin Ramlatu ya dawo mata da mijinta da sunanta. Ismaël kuwa ya gane cewa taimaka wa matarka ba ya rage maka komai. Abin kunyar shi ne ka bari a kira mai gaskiya maƙaryaciya don kawai kada a yi maka dariya.